Yadda za ku shirya wa ambaliya a ƙauyenku tun kafin damina ta kankama

Duk wanda yake Jos a watan Yulin 2012 ba sai an ba shi labari ba, ruwa ya yi ta zuba har dam ɗin Lamingo ya tumbatsa, ya bi ta su Rikkos da Gangare ya tafi da gidaje, sama da mutum 30 suka rasu, Allah ya jiƙansu. A watan Agusta kuma ya auka wa ƙauyukan Shendam da Langtang da Wase. To cikin gari ma kenan, ina ga ƙauyen da mota sai ta yi da gaske take shiga? Kafin hukumomin agajin gaggawa, NEMA ta ƙasa ko SEMA ta jiha, su iso wallahi maƙwabcinka ne zai ciro ka, shi ya sa shirin ya zama na gayya.

Ku fara da zama gaban mai unguwa tun watan Maris, da liman da fasto da shugabar mata da matasa, a kira dattawa su nuna inda ruwa ya saba bi, don sun san gidan da aka gina kan tsohuwar hanyar rafi ko da mai gidan ya musa. A zaga da ƙafa a gani. A nan za a tsai da tudun da kowa zai nufa, firamare ko masallaci ko coci, da hanyar da ba ta ratsa rafi ba.

Abin da aka fi sakaci da shi, kuma shi ya fi damuna, shi ne wa zai ɗauki wa. Tsohuwar da ba ta iya tafiya, mai jego, makaho, almajiran da ke kwana a zaure, kowanne a ɗora shi a wuyan wani saurayi da sunansa, ba a ce "matasa za su kula" ba, don ƙarfe biyun dare ruwa na shigowa ɗaki kowa 'ya'yansa zai fara tunawa.

Sai gargaɗi. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina duk farkon shekara, a samu mutum biyu masu bin rediyo suna sanar da jama'a. In ruwan ya wuce misali a yi shela da lasifikar masallaci, a buga ƙararrawar coci, a kira na ƙauyen da ke gangare tunda ruwan da ya sauka a kanku wajensu ya nufa.

A yashe kwalbati da lambatu kafin ruwan farko, a daina zuba shara ciki. Takardun gona, katin NIN, satifiket ɗin yara, a ƙulle su a leda a rataye sama kusa da tocila. Hatsi da taki a ɗaga su daga ƙasa, dabbobi kuma kar a kwana da su ɗaure a kwari.

Don Allah kar a tsallaka ruwa mai gudu, ko a ƙafa ko a mashin, kuma a ja wa yara kunne kan kududdufan kuza na wajen Bukuru da Barkin Ladi, zurfinsu ba ya nunawa. Bayan ruwa ya janye a riƙa tafasa na rijiya kafin a sha saboda kwalara, wanda ya fara gudawa da amai a haɗa masa ruwan gishiri da sukari a wuce da shi asibiti nan take.