Yadda nake gyara File Explorer kafin in fara aiki da kowace kwamfuta

Shekara tara ke nan ina riƙe da shagon buga takardu a Kabuga, kusa da tsohon mazaunin Jami'ar Bayero. Yini nake cikin fayilolin mutane: kundin ɗalibi, takardar neman aiki, hoton fasfo, katin ɗaurin aure. Duk kwamfutar da na sayo a Beirut Road, ko wadda aka kawo in duba, kafin komai sai na gyara File Explorer, wato tagar nan mai alamar folda ruwan ɗorawa. Yadda take zuwa, abubuwan da mai aikin yau da kullum ya fi bukata wasu a ɓoye suke, wasu kuma babu su sam. Rabin awa ya isa a gyara.

Abu na farko, ka sa ta riƙa nuna maka wutsiyar sunan fayil, irin su .pdf da .docx da .exe. A Windows 11 ka danna View, sannan Show, ka sa alama a File name extensions. A Windows 10 yana nan cikin View kai tsaye. Idan ba ka yi haka ba, fayil mai suna Project.pdf.exe zai bayyana maka a matsayin Project.pdf, ka danna shi da zuciya ɗaya, ashe bairas ka buɗe wa ƙofa.

Bara wata ɗaliba ta shigo da filashi a hannu, idonta ya yi ja. "Malam, don Allah ka taimake ni, gobe zan kai wa malamina kundin, ga shi komai ya ɓace." Ta je wani shago ne ta buga babi ɗaya, ta dawo duk foldodinta sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya a gindi. Na ce, "Zauna ƙanwata, in sha Allahu aikinki na nan." Na danna filashin da maɓallin dama na maus na shiga Properties, sai ga shi kusan giga uku a cike. Kaya na ciki ke nan, ɓoye su aka yi.

Idan haka ta same ka, kada ka danna ko ɗaya daga cikin masu kibiyar, domin dannawar ce ke tayar da bairas ɗin. Ka fara bincike filashin da manhajar tsaro. Sa alama a Hidden items, wato zaɓin nuna ɓoyayyun fayiloli da ke cikin View, sau da yawa ba ya fito da su, saboda bairas ɗin kan yi musu tambarin fayilolin tsarin kwamfuta. Sai ka rubuta cmd a wurin nema, ka buɗe baƙar tagar, ka rubuta wannan daidai:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Ka musanya E da harafin da kwamfutarka ta ba filashin, ka danna Enter, ka ɗan jira. Da foldodin suka dawo, yarinyar nan hamdala kawai take yi. Na kwashe mata komai zuwa kwamfuta, na wanke filashin tas, sannan na mayar.

Tunda muna kan filashi: abin da ka goge daga cikinsa ba ya zuwa Recycle Bin, tafiya yake gaba ɗaya. Shi ya sa na hana yaran shagona yin gyara a cikin filashin kwastoma. A kwafo tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne girman folda. Ka duba layin Size, za ka ga fayiloli da nauyinsu, amma gaban folda fayau. Ranar da ma'ajiya ta yi ja, sai mutum ya bi folda ɗaya bayan ɗaya yana shiga Properties kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ni WinDirStat nake sawa, kyauta ce. Tana jera foldodi daga mai nauyi zuwa maras nauyi, nan take ka gane cewa bidiyon bikin da aka manta a Downloads ne ya cinye wurin. Sai dai ka goge abin da ka san naka ne kawai, ka bar foldar Windows da Program Files yadda ka same su.

Wurin nema kuma yana da nawa, musamman a tsohuwar kwamfuta. Akwai 'yar ƙaramar manhaja mai suna Everything ta voidtools, ba ta cin data wajen saukewa, kana rubuta harafi tana fito da sakamako. Da suna take nema, don haka dole sunan ya zama mai ma'ana. Ni da kwanan wata nake farawa, shekara, wata, rana, kamar 2025-03-14 katin aure Gwale. Da kansu suke jeruwa bi da bi, ko bayan wata shida mutum ya dawo zan samo masa.

Hotuna hamsin da kyamara ta raɗa wa suna iri ɗaya fa? Ka zaɓe su duka da Ctrl da A, ka danna F2, ka rubuta suna guda, ita za ta sa musu lamba a jere. Idan kalma ɗaya kake son canzawa a cikin sunaye da yawa, sai PowerRename da ke cikin PowerToys, wato tarin ƙananan manhajojin Microsoft da ake saukewa daban. Ka yi kuskure, Ctrl da Z zai mayar.

Taga mai ɓangare biyu babu ita, amma ana iya haɗawa. Ka buɗe ɗaya da maɓallin Windows da E, ta biyu da Ctrl da N, ka tura ɗaya hagu da maɓallin Windows da kibiyar hagu, ɗayar dama. Masu Windows 11 sun samu shafuka a taga guda tun ƙarshen 2022, da Ctrl da T ake ƙarawa. Windows 10, wadda aka daina tallafa wa ranar 14 ga Oktoba 2025 amma har yanzu ita ce a shaguna da yawa, ba ta da su. Alt da P kuma yana nuna abin da ke cikin fayil ba tare da ka buɗe shi ba.

A nan ne yarana suka fi yin ɓarna, wajen jan fayil da maus. Idan ka ja daga kwamfuta zuwa filashi, kwafa ake yi. Idan ka ja tsakanin foldodi biyu na ma'ajiya ɗaya, ɗauke shi ake yi daga inda yake. Riƙe Ctrl yana tilasta kwafa, riƙe Shift yana tilasta ɗaukewa. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, ni Ctrl nake riƙewa, in buɗe fayil ɗin a sabon wurinsa in ga shafin ƙarshe ya fito, sannan in koma in goge na asali.