Yadda ake yi wa tsohuwar lasifika rigar katako ba tare da hunturu ya tsaga ta ba

Duk wanda ya zo mini da tsohuwar lasifika yana so a lulluɓe ta da katako, abin da yake fara tambaya shi ne wane launi zai fi kyau. Ni kuma sai in ce masa: a wane wata ka sayi katakon, kuma kwana nawa ya yi a ɗakinka? Yawanci sai ya yi dariya, ya ce ai jiya ya ɗauko shi daga 'Yan Katako. To, wannan aikin ya riga ya lalace tun ba a ɗora zarto ba.

Lasifikokin da nake nufi su ne irin waɗanda iyayenmu suka saya bayan kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970, da waɗanda ke shigowa cikin kayan gwanjo: Sansui, Pioneer, Kenwood, Akai, Technics, jefi-jefi Wharfedale ta Ingila. Sauti garau, amma akwatin ya sha wahala. Kusurwa ta kumbura saboda ruwan mopa, saman duk zoben kofin shayi, ledar jikin tana ɓarewa kamar bawon rogo.

Kafin komai, duba ko ta cancanci a rufe ta

Ka kankare ɗan wuri a ƙasan akwatin da farce. In abin da ya taso leda ce mai zanen katako, a ƙarƙashinta kuma matsattsiyar dusar katako, bismilla, ba abin da za ka ɓata. Amma in fatar katako ce ta gaske, dakata. JBL L100 da ta fito a 1970, da AR-3a ta 1967, dukansu da fatar itacen walnat aka yi su a Amurka, kuma masu neman irinsu da kamanninsu na asali suke so. Wanda ya manna wa irin wannan falanki ya zubar da kuɗinsa da hannunsa. Mai kawai take buƙata, da sanfefa mai laushi a hankali, don kaurin fatar bai kai milimita ɗaya ba, in ka matsa sai ka ga dusa ta leƙo. Haka ragar katakon nan mai saƙa da ke fuskar wasu Sansui, kada ka yarda kowa ya cire maka ita da sunan zamani.

Kwance kayan ciki

Cire wufa (babban faifan da ke fitar da ƙasan sauti) da tiwita (ƙaramin da ke fitar da siririn sauti) da duk abin da ke da maganaɗisu. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka zare ko ɗaya, ka liƙa wa kowace salatef ka rubuta inda take. Sukurori a gwangwani. Audugar gilashin da ke ciki ka sa safar hannu ka kwashe a leda, ta kowane akwati daban, domin za ta koma yadda take, ba ƙari ba ragi. Wufar a kife ta a kan tsumma mai tsabta, nesa da inda kake aiki, don maganaɗisu na janyo garin ƙarfe, kuma in ya shiga tsakanin nadin waya sai ka ji tana karce kamar ana jan tabarma.

Ledar jiki da dutsen guga ake cire ta. Shimfiɗa tsohuwar jarida, goga, ja tun da zafinta. Inda dusar ta kumbura, kankare duk abin da ya yi laushi, ka kwaɓa farin gam da garin katako ka cike, ka bar shi kwana biyu, ka goge da sanfefa mai lamba 80. In ka ga gara ta shiga har bango ya zama holoƙo, ba riga akwatin ke buƙata ba, sabo za a ƙera, wannan kuma wani zance ne.

Katako, inda na sha kashi

Aikina na farko a watan Agusta na yi shi. Na samo maɗaci ja jawur, na sa aka fere shi, na shafe bayansa kaf da gam, na manna a gefen wasu Pioneer guda biyu, na matse. Sun yi kyau har maƙwabta na shigowa kallo. Da hunturu ya kankama a ƙarshen Disamba, wani dare muna kwance sai muka ji ƙara tas, kamar an karya rake. Da safe na tarar falankin dama ya tsage daga sama har ƙasa, tsagar da kwabo zai shige. Ɗaya kuma bai tsage ba, sai ya lanƙwashe ya ɓamɓaro kusurwar akwatin gaba ɗaya, bangon baya ya buɗe baki. Lasifikar da ta shekara arba'in lafiya, ni na kashe ta cikin wata huɗu.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Katako ba ya daina shan iska ko da an sare shi shekara goma. Da damina yana shan laima ya buɗe, da hunturu ya saki ya tsuke. Kuma ta faɗi yake wannan motsin, ta tsawo kusan ba ya yi. Falanki mai faɗin inci 12 zai iya tsukewa da milimita uku ko huɗu tsakanin Agusta da Janairu a Kano ko Zinder. Akwatin dusa kuwa ba ya motsi haka. In ka ɗaure su da gam daga gefe zuwa gefe, ka haɗa mai tafiya da mai zama, dole ɗaya ya yage. Yawancin katakon da ke Na'ibawa a Kano, ko Panteka a Kaduna, daga kudu ake lodo shi, da ruwansa yake isowa. Mai sayarwa zai buga shi da hannu ya ce maka, "Alhaji, wannan ƙarau yake." Saman ne ya bushe.

Don haka ka sayi katako da wuri, ka manta da shi. A yanka maka shi ya ɗara girman da kake so da kamar inci ɗaya ta kowane gefe, ka jera a cikin ɗaki, ba a rana ba, da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ka ɗora bulo a sama. Bakin kowane falanki ka shafa masa fenti ko narkakken kyandir, don ta nan ruwa ke saurin fita har ya tsage. Ba ka da na'urar auna laima, na sani, ni ma ba ni da ita. Sikelin masu nama ya isa. Ɗauki falanki ɗaya ka auna duk Juma'a, ka rubuta nauyin a jikinsa da fensir. Ranar da ka ga mako uku a jere bai ragu ba, ya shirya. Ni dai ba na yin wannan aiki sai katakon ya ga hunturu guda a ɗakina, kuma Janairu ko Fabrairu nake mannawa. Wanda ke gaggawa ya sayi filawud mai fatar katako, shi ba ya wannan rigimar, ya fi araha nesa ba kusa ba, sai dai bakinsa na tona asiri, dole a bi shi da siririn katako a rufe.

Wajen zaɓe, kalli bakin falankin. In layukan shekarun itacen a tsaye suke, ɗauka, motsinsa kusan rabin na wanda layukansa ke kwance ne, kuma ba ya lanƙwashewa. Maɗaci na fi so. Madobiya ta fi shi kyau, amma ga tsada ga wuyar samu yanzu. Iroko yana da maiƙo, in za ka sa masa gam sai ka fara goge wurin da tina. Obeche kuwa ka bar wa masu silin, farce ma yana yi masa tabo.

Awo da mannawa

Kauri milimita 18 zuwa 20 a gefe. Fiye da haka lasifikar ta koma akwatin lefe. Zanen itacen ya miƙe tsaye a gefuna biyu, na sama kuma ya kwanta daga hagu zuwa dama. Da haka duka ukun za su riƙa motsi gaba da baya tare, ba wanda zai tura wani.

Ka'idata ɗaya: bakin falanki ya tsaya daidai da fuskar akwatin, kada ya zarto gaba. Sabon shiga yana son ya fito da shi inci guda ko biyu wai ya yi kamar firam ɗin hoto. Sautin tiwita yana bin fuskar akwatin ne, in ya ci karo da wannan bakin sai ya dawo ya haɗu da na asali, murya ta yi wani iri, kamar mai magana ta cikin tulu. Ka rage kaifin gefen da sanfefa ya ɗan zagaye. In akwatin na da ramin iska a baya ko a ƙasa, ba a rufe shi, ba a matse shi.

Kafin ka manna komai, shafa wa falankin mai ko fanish ciki da waje da bakuna, sai dai tsiri ɗaya mai faɗin yatsa uku a gefen da zai kasance gaba, wannan ka bar shi tsirara. Mutane kan ce wa zai ga ciki. Iska za ta gani. In fuska ɗaya ce kawai a rufe, ɗayar ta riƙa shan laima ita kaɗai, falankin ya koma kwarya.

Farin gam a wannan tsirin gaba kaɗai. Shi zai riƙe bakin gaba ya zauna daram, duk motsin ya tafi baya inda ba mai kallo. Sauran jikin sukurori za su riƙe shi, kuma daga cikin akwati ake ɗaure su, ta ramin wufa. Kada in ga kan sukuru ko ƙusa a waje. Huda bangon akwatin wuri shida, uku a tsakiya, uku kusa da baya. Na bayan ka ja ramin ya yi tsawo kamar ƙwayar wake, daga gaba zuwa baya, don sukurun ya sami wurin zamewa. In bangon milimita 19 ne, sukuru mai inci ɗaya da kwata ya isa: zai shiga falankin kamar milimita goma, ba zai ɓullo ba. Ka gwada a kan guntu tukuna. Na taɓa ganin wanda ya gama aiki tsaf, tsinin sukuru shida na leƙowa ta gefen kamar ƙurajen zafi.

Yanzu ka huda akwati, iska za ta tsere, musamman in irin rufaffen nan ne da ba shi da rami ko ɗaya, wanda iskar da ke kulle a ciki ce ke riƙe wufar. Maganinsa tsohon tub ɗin babur. Wajen mai faci za ka samu kyauta. Yanka shi ƙanana, kowane sukuru ka sa masa wosha mai faɗi ta ƙarfe, roba a ƙarƙashinta, ta rufe ramin ruf. Ɗaure har robar ta ɗan lotsa, ka tsaya. Tsakanin falanki da akwati kuma, inda babu gam, shimfiɗa siririn yadi mai laushi, ko da tsohon zanin flanel ne. Ba don ado ba: in ka bar katako na taɓa katako, ganga na bugawa za ka ji zzz, ka yi ta zargin wufa alhali ba ruwanta.

In ba ka da kilam, wato ƙarfen matse katako, kwantar da akwatin a gefe, ka ɗora bulo huɗu a kan layin gam ɗin, ka bar shi kwana ɗaya. Gefe ɗaya yau, ɗaya gobe.

Gamawa

Sanfefa 120, sai 180, sai 240, kullum bin zanen itacen. Ni mai nake shafawa, sau uku, kwana ɗaya tsakani, a goge rarar bayan minti ashirin. Fanish mai ƙyalli na mayar da maɗaci kamar roba, amma in shi ranka ke so, kuɗinka ne. Tsumman da ya sha man linsid kada ka dunƙule shi ka jefa a kwana, yana iya kamawa da wuta da kansa. Baza shi a waje ya bushe ko ka tsoma a ruwa.

Mayar da audugar, haɗa wayoyi bisa hoton da ka ɗauka. In ka rikice, taɓa wayoyin wufa da ƙaramin batir mai bolt 1.5 na ɗan lokaci: in takardar wufar ta turo waje, wayar da ke taɓa gefen batir mai alamar + ita ce ta ja. Duka lasifikokin biyu su zama iri ɗaya, in ba haka ba ƙasan sautin ya ɓace. Bakin wufa ka sa masa sabon soso siriri kafin ka ɗaure, sukurorin kuma da hannu, dusa ba ta son injin ɗauri.

A rufaffen akwati, sa yatsu a kewayen tsakiyar wufar ka tura ciki a hankali, ka saki. In ta dawo sannu-sannu, iska a kulle take. In ta yi tsalle ta dawo nan take, akwai inda ke yoyo, kuma sau tara cikin goma ɗaya daga cikin robobin nan ne ya goce. Yi mata ƙafa huɗu na roba ko guntun katako ta tashi daga siminti. Sukurorin baya kuma ka sake leƙa su in damina ta yi tsakiya, wani lokaci sukan nemi kwata ɗaya na juyi.