Yadda Ake Tafiyar da Aikin Hanya ko Gini a Jihar Tawa Ba Tare da An Ɓata Daji Ba

Mafi yawan ɓarnar da aikin gini yake yi wa daji tana faruwa ne a makon farko, lokacin da direban katafila ya shiga fili ba tare da an nuna masa inda zai tsaya ba. Saboda haka ɗan kwangilar da yake son ya gama aikinsa lafiya, tun kafin injin ya iso yake fara shiri.

Da takarda ake farawa. Dokar Nijar mai lamba 2018-28 ta ranar 14 ga watan Mayun 2018 ta wajabta binciken illar da manyan ayyuka za su yi wa muhalli, kuma hukumar tantance illar ayyuka ga muhalli ta ƙasa (BNEE) da ke Yamai ce take duba rahoton kafin a ba da shaidar amincewa. Rahoton yana zuwa da tsarin matakan kariya, wanda ya kamata kwafinsa ya kasance a hannun shugaban ma'aikata a wurin aiki. Wanda aka kulle a durowar ofis ba ya hana sare itace ko ɗaya.

Daga nan sai a taka filin da ƙafa, kuma nan ne ya kamata a daɗe. A nemi mai gari, da makiyayi, da tsohon mafarauci, da jami'in gandun daji, a bi filin tare da su tun da sassafe, lokacin da sawun dabbobi yake kwance a kan rairayi iska ba ta share shi ba. Su ne za su nuna burtalin da shanu suke bi zuwa mashaya, da ramin yanyawa, da gindin kalgon da zabin daji suke ƙwai, da inda ruwan korama yake malala idan an yi ruwa mai ƙarfi a kan tudu. Injiniyan da ya ga fili a watan Afrilu kaɗai zai iya ɗaukar fadama a matsayin fako, sai damina ta nuna masa kuskurensa. Idan aikin yana kusa da tafkin Tabalak, wanda aka sanya cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a shekarar 2005, sai a ninka hattara, domin tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suna sauka a can lokacin sanyi, masunta da masu lambu kuma da ruwansa suke rayuwa.

Bayan haka a kafa turaku a iyakar inda za a share, a shafa fenti a jikin kowane itacen da za a bari. Dokar daji ta shekarar 2004 ta hana sare itatuwan da aka kare sai da izinin ma'aikatar muhalli, kuma gawo yana cikinsu. Ba banza ba: shi ne yake zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya samu rana, ya yi kore da rani ya ciyar da dabbobi da 'ya'yansa. Sai dai barin gawo a tsaye bai wadatar ba. Idan aka mayar da inuwarsa wurin ajiye manyan motoci, nauyinsu zai danne ƙasa ya kashe saiwoyi, itacen ya bushe bayan 'yan shekaru, lokacin da kamfanin ya daɗe da tafiya. A kewaye shi da igiya gwargwadon faɗin inuwarsa. Itacen da shamuwa ta yi sheƙa a kansa kuwa, a jira har 'ya'yanta su tashi a ƙarshen damina.

Lokacin shara, a kankare ƙasar sama a tara ta gefe guda, domin a cikinta irin ciyawa yake, kuma da ita za a rufe wurin daga baya. Ramin da aka haƙa don bututu ko harsashi, idan zai kwana a buɗe, a jingina katako a cikinsa ko a kwantar da gefe ɗaya, yadda bushiya ko damo ko kunkurun da ya faɗa zai samu hanyar fita, kuma a sa mutum ɗaya ya leƙa kowane rami da safe kafin a zuba kankare. Baƙin mai a tara shi cikin durom a kan daɓen siminti, ruwan wankin injin kwaɓa siminti kuma a haƙa masa rami nesa da rijiya da korama, domin yana ƙona tsiro yana kashe kifi.

Sai batun ma'aikata. A faɗa musu tun ranar ɗauka cewa babu farauta, babu ɗana tarko, babu sayen naman daji, domin dokar farauta ta shekarar 1998 tana hawa kan lebura kamar yadda take hawa kan kowa. Amma wanda ya hana su saran itace, wajibi ne ya tanadar musu gas na girki, in ba haka ba hanin ba zai kai mako ba. Direbobi kuma a ƙayyade musu gudu, musamman da almuru da asuba.

Idan aiki ya ƙare, ramin da aka ɗebi jar ƙasa a yi shawara da mutanen gari a kansa: ko a cike shi, ko a kwantar da bakinsa ya zama mashaya wadda yaro ko maraƙi zai iya fita idan ya zame. A mayar da ƙasar sama, a haƙa rabin wata da tassa, wato ramukan tara ruwan sama irin waɗanda manoman Illela da Badagishiri suka gwanance a kai, a dasa gawo da bagaruwa da aduwa a watan Yuli bayan ruwa ya zauna. Kuɗin shinge da na mai gadi na shekara biyu a sanya su cikin kasafin kwangila tun farko, domin dashen da ba a killace ba awaki ne suke cinye shi kafin kaka.