Kurakuran masu zuwa yawon kwale-kwale a Lagdo da kaka

Watan Oktoba shi ne lokacin da tafkin Lagdo, da ke kan kogin Binuwai a arewacin Kamaru, ke cika ya batse. Damina ta ƙare ko tana dab da ƙarewa, duwatsun da ke kewaye da ruwan sun yi kore shar, masunta kuma sun koma su bayan hutun watanni 3 da hukuma ke bai wa kifi daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba. Shi ya sa mutanen Garwa ke kwasar iyali su nufi can, tafiyar kilomita 50 da ɗoriya, su ɗan zaga a ruwa su dawo. Yawo ne mai daɗi, amma akasarin abin da ke ɓata shi tun a tudu ake yin sa, kafin ƙafa ta taka jirgi.

Akwai masu zaton daga tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Garwa za su shiga jirgi su bi Binuwai har cikin tafkin. Ba ya yiwuwa. Madatsar da 'yan Sin suka gina tsakanin 1977 da 1982 ta tare kogin, ita kuma tashar yashi ya daɗe da cinye ta. A mota ake zuwa, ta hanyar Ngaoundere a ratse, sannan a nemi jirgi a bakin ruwan Lagdo.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na lokaci. Mutum zai baro gida da hantsi, ya tsaya cin abinci, ya yi azahar, sai wajen la'asar ya iso bakin ruwa yana neman a kai shi tsibirin da ake kira Madagaskar. To a farkon kaka hadarin bankwana bai gama ba, kuma ya fi haɗowa da yamma daga gabas, iska a gaba, ruwa a baya. A kogi kana iya raɓawa gaɓa cikin minti kaɗan. Lagdo kuwa faɗinsa ɗaruruwan murabba'in kilomita ne, iska na samun filin tara igiyar ruwa, kuma kwale-kwalen katako mai shimfiɗaɗɗen ciki ba a yi shi don wannan ba. Ga shi rana na faɗuwa kafin ƙarfe 6, jiragen kuma yawanci ba fitila. Idan an shiga Nuwamba hadari ya wuce, sai iskar hunturu da hazo su karɓa, gaɓar da kake gani da safe ta ɓace maka. Maganin duka ɗaya ne: a yi sammako, a shiga ruwa da sassafe yana kwance, a fito kafin azahar. In matuƙi ya ɗaga kai ya dubi gabas ya ce, "Alhaji, yau dai a haƙura," kada ka ƙara masa kuɗi don ya canza magana. Wanda ya ƙara kuɗi a nan, ransa da na 'ya'yansa ya sa a ciniki.

Shi ma cinikin ana yin sa a gaggauce, sai an kai tsakiyar ruwa rigima ta tashi. Kafin a kunce igiya a tabbatar da abu uku: kuɗin na zuwa da dawowa ne, mai a kan wa yake, kuma awa nawa zai jira ku a can. Ka ce, "Malam, man da ke ciki zai kai mu ya dawo da mu?" sannan ka duba jarkar da idonka. Yawancin injinan nan man da ake kira zuwa-zuwa suke sha, wato man kwalba na bakin hanya, kuma in an samu mai datti ko wanda ruwa ya shiga, inji na iya mutuwa a inda ba mai jin kiranka. Saboda haka jirgin da ba filafili a cikinsa, ba jarkar ajiya, ba kwanon kwalfe ruwa, bar shi ko da ya fi araha. In baƙo ne kai, fara da gaida sarkin ruwa ko dattawan mashigin, su suka san matuƙin da ya san hanya.

Sai lodi. Ka tsuguna ka dubi gefen jirgin bayan kowa ya zauna. In tsakanin ruwa da bakin katako bai kai taƙi guda ba, an yi yawa, wasu su sauka a yi sawu biyu. Rigar ruwa mai hana nutsewa kuma a tambaya, in babu a zo da ita daga gari, musamman ta yara, kuma a ɗaura ta a jiki, kada a mai da ita matashin zama. Babbar riga da dogon hijabi in suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa, don haka a sa kaya marasa nauyi, a tattare mayafi. Miƙewa tsaye don ɗaukar hoto, ko kowa ya karkata gefe ɗaya don an hango wani abu, shi ke kifar da jirgi a ruwan da ko motsi ba ya yi.

Abin da aka fi hangowa kuwa dorina ce. Tana nan a tafkin, tana nan a Binuwai har kusa da Garwa. Kunnuwa da hanci kaɗai za ka gani a saman ruwa kamar an yar da guntun icce, sai yara su fara roƙon a matsa. Kada a matsa. Mai ɗa ba ta da haƙuri ko kaɗan, kuma ƙaramin jirgi ba komai ba ne a wurinta. Haka jikin madatsar: wuri ne da ake tsaro, a nemi izini kafin a ɗaga waya, kuma wajen ƙarshen damina ne ake buɗe ƙofofi in ruwa ya yi yawa, kamar yadda aka yi a 2012 da 2022 har ambaliya ta kai jihohin Najeriya. Gorunan roba da ke yawo a ruwa su ma ba shara ba ne, alamar raga ce ko mamari, abincin wani gida. A kewaye su.

Wanka a gefen da ruwa ke kwance cikin ciyayi yana jawo tsargiya, a hana yara. A riƙe katin shaida saboda jandarmomin hanya, a sa waya a leda, a tafi da ruwan sha.

Kifi kuma kada a saya da zuwa a bar shi a bayan mota cikin rana. A bari sai an fito. Ɗaga murfin kunnen giwan ruwa ko karfasa ka duba: in ja ne jawur, ido garau, nama na dawowa in ka danna, na yau ne. In babu ƙanƙara a tare da kai, sayi banda a wurin matan da ke ƙyafe shi a bakin ruwa, zai kai Garwa lafiya.