Yadda ake neman tallafin karatu na Chevening

Gwamnatin Birtaniya ta kafa tallafin karatu na Chevening a shekarar 1983, kuma ma'aikatar harkokin wajenta ce ke ɗaukar nauyinsa tare da wasu jami'o'i. Yana biyan kuɗin makaranta na digiri na biyu na shekara ɗaya a Birtaniya, da kuɗin jirgi zuwa da dawowa, da na biza, da alawus na wata-wata. Ana buɗe shafin nema a intanet cikin watan Agusta, a rufe shi bayan wata biyu zuwa uku, kuma ba a biyan ko sisin kwabo, saboda haka duk wanda ya nemi kuɗi a hannunka da sunan zai shigar da kai, damfararka zai yi.

Sharuɗɗan ba su da yawa. Dole ka kammala digiri na farko da sakamakon da jami'ar Birtaniya za ta yarda da shi, ka kuma tara aƙalla awa 2,800 na aiki, wato kimanin shekara biyu. Aikin sa-kai da na wucin gadi duk suna shiga cikin lissafi, abin da mutane da yawa ke mantawa da shi har su cire rai tun ba a fara ba. Haka nan za ka yi alkawarin komawa ƙasarka na tsawon aƙalla shekara biyu bayan kammala karatu.

Wannan alkawarin komawa shi ne mabuɗin fahimtar shirin gaba ɗaya. Birtaniya ba sadaka take rabawa ba. Tana neman waɗanda za su koma gida su riƙe ragamar al'amura, dangantaka ta ɗore tsakaninta da su. Da wannan ido ya kamata ka rubuta maƙalu huɗu da ke cikin fom ɗin: ta jagoranci, ta ƙulla alaƙa da mutane, ta dalilin zaɓen kwasa-kwasan, da ta tsarin aikinka a nan gaba. A nan ne aka fi zubar da masu nema. Mai tantancewa ba ya buƙatar jin cewa kai shugaba ne nagari. Yana son ya ji wace matsala ka tarar, me ka yi da hannunka, me kuma ya canza. Malamin makaranta da ya bayyana yadda ya zauna da mai unguwa da iyaye har aka mayar da yara mata aji, ya kuma faɗi adadinsu, ya fi wanda ya cika shafi da kirarin kansa. Tarbiyyarmu ta kunya tana sa mutum ya riƙa cewa "mun yi" a wurin da shi kaɗai ya yi, to a wannan rubutu ka ce "na yi" muddin gaskiya ne. Kada ka kwafi rubutun kowa, domin ana bincikawa.

Za ka zaɓi kwasa-kwasai uku, kuma kai da kanka za ka nemi gurbi a jami'o'in, domin Chevening ba ta nema maka. Ka zaɓi waɗanda suka yi kama da juna kuma suka dace da aikinka, kada ka haɗa kiwon lafiya da shari'a da kasuwanci kamar mai cin kasuwar ƙauye. Ka nemi takardar cikakken sakamakonka daga tsohuwar jami'arka tun da wuri, saboda fitowarta kan ɗauki watanni, ka kuma duba ko jami'ar da kake so tana buƙatar jarrabawar Turanci irin IELTS.

Idan ka tsallake tantancewar farko, za a nemi wasiƙun shaida daga mutum biyu da suka san aikinka ko karatunka, sannan a gayyace ka ganawar baki da baki da jami'an ofishin jakadancin Birtaniya, galibi a watannin Maris da Afrilu. Tambayoyin daga maƙalunka suke fitowa, don haka ka sake karanta su sosai, ka tanadi ƙarin misalai. Sakamako kan fito a wajen watan Yuni, kuma kafin wa'adin da ake sanyawa a watan Yuli dole ka miƙa takardar gurbi marar sharaɗi, wato wadda ke nuna jami'a ta karɓe ka ba tare da sauran wani sharaɗi ba, daga ɗaya cikin kwasa-kwasan uku. Karatu yana farawa a Satumba ko Oktoba.