Kurakuran da aka fi yi wajen bin jita-jitar musayar 'yan wasan hokin ƙanƙara

Da zarar an ɗaga Kofin Stanley, wato kofin zakarun kaka, a watan Yuni, sai kasuwar jita-jita ta fara ci a gasar NHL ta Amurka da Kanada, har ta wuce 1 ga Yuli, ranar da 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare ke samun damar ƙulla sabo. Wanda ya saba da kasuwar ƙwallon ƙafa ta Turai shi ya fi saurin yin kuskuren farko, wato zaton ƙungiya mai hannu da shuni za ta zuba miliyoyi ta saye ɗan wasa. A nan musaya ake yi, a ba da ɗan wasa ko gurbin zaɓen matasa (wato damar zaɓar sabon matashi a zaɓen da gasar ke yi duk shekara) a karɓi wani, kuma tun 2005 kowace ƙungiya tana da iyakar jimillar albashin 'yan wasanta a kaka da ba za ta tsallake ba. Iyakar ta fara da dala miliyan 39, ta kai miliyan 95.5 a kakar 2025 zuwa 2026. Saboda haka kafin a gaskata labari, a fara tambayar ko nawa ya rage wa ƙungiyar a ƙarƙashin iyakar.

Kuskure na biyu shi ne lissafi da abin da ɗan wasa zai karɓa a bana. Abin da ake ƙirgawa shi ne jimillar kuɗin kwantiragi a raba da yawan shekarunsa, ko da an fi ba shi kuɗi a shekarun farko.

Inda aka fi tafka kuskure kuwa shi ne wajen yanke hukunci a kan wanda ya ci riba. A 2019 Toronto Maple Leafs ta miƙa Patrick Marleau ga Carolina Hurricanes, ta kuma ɗora mata gurbin zaɓe na zagayen farko a kai. Wanda bai san dawan garin ba zai ce Toronto ta yi asara biyu, alhali abin da ta saya shi ne sararin dala miliyan 6.25 da kwantiragin Marleau ya tare. Carolina ta biya shi ta sallame shi ba tare da ya buga mata ko wasa ɗaya ba, sannan ta yi amfani da gurbin ta zaɓi Seth Jarvis a 2020. A ganina Carolina ce ta fi dacewa, amma ba a gane hakan sai an ɗauki sararin albashi a matsayin haja, kamar ɗan wasa.

Haka nan kada a ɗauka sallama tana share bashi. Minnesota Wild ta sallami Zach Parise da Ryan Suter a 2021, bayan ta ba kowannensu kwantiragin shekara 13 na dala miliyan 98 a 2012, amma sai da su biyun a haɗe suka ci gaba da cinye mata sama da miliyan 14 na sararin albashi a kowace kaka har sau biyu, ba sa ko sanye da rigarta.

Akwai kuma masu ganin ƙungiya ta zarce iyaka a watan Yuli su ce ta karya doka. Dokar ta yarda a zarce da kashi 10 cikin 100 a lokacin hutu, muddin za a dawo ƙasa kafin a fara kaka. Abin da zarcewar kan nuna galibi shi ne akwai wanda za a rabu da shi nan gaba kaɗan.

Sai a duba abubuwa biyu da masu yaɗa labari kan tsallake. Wasu kwantiragi na ɗauke da sharaɗin cewa ba za a musanya ɗan wasa ba sai da amincewarsa, wanda kan kashe magana tun ba ta je ko'ina ba. Sannan ƙungiyar da ta saki ɗan wasa na iya riƙe har rabin albashinsa don cinikin ya faɗa. Da San Jose Sharks ta tura Erik Karlsson zuwa Pittsburgh Penguins a Agustan 2023, ta riƙe miliyan 1.5 daga cikin miliyan 11.5 na albashinsa na kowace kaka, kuma sai da aka jawo Montreal Canadiens ta shiga a matsayin ta uku kafin lissafin ya daidaita.