Darasi na Shida: Kayan Jariri, Wanne Za a Saya, Wanne Za a Bari

Mutum biyu su tashi su karanta wannan hira da ƙarfi, ɗaya a matsayin yaya, ɗaya a matsayin ƙanwa. Ƙanwar tana da cikin fari wata bakwai. Mijinta ya ba ta kuɗin sayayya, yayarta ta raka ta Kasuwar Barci da ke Kaduna.

"Yaya, dubi keken nan na koyon tafiya, har kiɗa yake yi. Mu taya mana."

"Ɗan da bai zo duniya ba shi za ki saya wa keke? Nawa kika ware na mota in naƙuda ta taso miki da tsakar dare?"

"Ai Allah zai kawo."

"Ya riga ya kawo, ga shi nan a jakarki. Ƙirga ki ba ni in ɗaure miki a bakin zane, sannan mu shiga layin 'yan gwanjo."

"To bulumbotin fa? Kowa yana saye."

"Wanda Allah ya ba ki a ƙirji ya fi shi, kuma ba a wanke shi da buroshi."

A tsaya nan. Kowa ya faɗi abin da ya fara saye lokacin da ake jiran haihuwa a gidansa.

Kuɗin da ba a kashewa a kasuwa

Kafin a sayi ko safa ɗaya, a fitar da kuɗin mota da na asibiti a ajiye daban. Naƙuda ba ta duba agogo. Wanda ke zaune a ƙarshen Rigasa ko Hayin Banki ya san yadda abin hawa ke wuya bayan sha biyun dare, saboda haka maigida ya yi magana da wani mai Keke Napep ko mai mota na unguwa tun da wuri, ya karɓi lambarsa. A rubuta lambar da manyan baƙaƙe a bayan katin awo. Ga amfanin koyon rubutu tun ba a je ko'ina ba.

Shi katin awon ma kaya ne, kuma ya fi duk abin da ke cikin akwati daraja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau 8 kafin ta haihu. A wurin awo ake gwada hawan jini, a ba da maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, a yi allurar tsinkau-tsinkau. Asibitin sha-ka-tafi na unguwa ya isa a fara. In sun ga abin da ya fi ƙarfinsu, su ne za su tura mace babban asibiti, kamar Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ko Gwamna Awan a Kakuri, ko Barau Dikko.

A can ne kuma za a tambayi jerin kayan da ɗakin haihuwa ke buƙata, irin su safar hannu, audugar mata, ledar shimfiɗa da sabulu. Jerin yakan bambanta daga asibiti zuwa asibiti, don haka kada a dogara da na maƙwabciya. A haɗa su cikin jaka ɗaya da zannuwa tun ciki yana wata takwas, a nuna wa mutanen gida inda take.

Na san akwai masu ganin sayen kayan jariri kafin haihuwa kamar riga malam masallaci ne, wasu kuma kunyar ɗan fari ke hana su. Ba sai an yi shela ba. A ba wa yaya ko gwaggo ta ajiye a ɗakinta.

Tufafi

A nan ake ɓarnar kuɗi. Jariri yakan ninka nauyinsa na haihuwa kafin ya cika wata shida, don haka rigar da ta yi masa daidai ranar suna ba za ta shige shi ba bayan 'yan makonni. Ga kuma kayan barka da za su shigo, galibinsu ƙananan riguna ne iri ɗaya. Riguna biyar ko shida na farko sun isa, da hula biyu, da safa, da tawul mai laushi. In akwai saura a hannu, a sayi masu ɗan girma.

A zaɓi auduga. Yadin roba mai sheƙi yana da kyau a hoto, amma a zafin Maris da Afrilu ƙuraje yake fesa wa yaro. A juya rigar a shafa cikinta da bayan hannu, in ɗinkin ya karce ki to zai karce shi. A guji masu duwatsu da ƙananan maɓallai da za su iya cirewa su shiga baki, da masu igiya a wuya.

Gwanjo ba abin kunya ba ne, sau da yawa ma audugarsa ta fi ta sabo. A wanke shi da kyau, a shanya a rana, a goge. Haka na gado da yayye suka bari. Amma ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: kada a ajiye kayan jariri da kafur, wato farin ƙwallon nan da ake jefawa cikin akwati don kyankyasai. Akwai jariran da jininsu ba ya jure shi, yana fasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani. In kayan sun daɗe cikin kafur, a yi ta wanki da shanya har warin ya fita sarai.

Zanen goyo da majanyi kuwa ba su da na biyu. Keken tura jariri an yi shi ne don titi mai santsi, a lungunanmu da damina sai dai ya zama wurin ajiye wanki. Jaririn da aka haifa bakwaini ko ƙarami ƙwarai, asibiti sukan koya wa uwa ta ɗaure shi a ƙirji, fata da fata, da hula a kansa. Zane kawai wannan ke buƙata.

Famfas ko nafkin

Sabon jariri yakan ɓata ƙunzugu kamar sau 8 a yini, wani lokaci fiye. Ku buga lissafin a allo: 8 sau 30 ya ba da 240 a wata ɗaya. Wanda ya ga wannan adadi zai gane abin da ya sa wasu iyaye ke barin famfas ɗaya a jikin yaro tun safe har la'asar, gindinsa ya saɓule. Gara a sayi nafkin na yadi dozin ɗaya ko biyu don zaman gida, a bar famfas don dare da fita unguwa. Nafkin yana cin ruwa da sabulu, gaskiya ne, kuma gidan da ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa sai ya saka wannan a lissafi.

Ƙananan abubuwa masu babban aiki

Na farko man cibiya. Sunansa kuloheksidin, yana zuwa a ɗan ƙaramin tub, kuma shi ne hukumomin lafiya na Najeriya suka amince a riƙa shafa wa cibiyar jariri. A wanke hannu, a shafa kamar yadda ma'aikaciya ta nuna. Cibiya kawai, kada ya kusanci ido ko kaɗan. Man goge baki, toka, gishiri, man zafi, duk ba su da wuri a cibiya. Cibiya ƙofa ce a buɗe, ta nan cuta ke shiga jini. Kaka za ta ce ita da gashin cibiya ta raini goma. A ba ta girmanta, a nuna mata tub ɗin, a ce likita ne ya bayar, in ya yiwu ma ita za a damƙa wa aikin shafawar.

Na biyu gidan sauro mai magani, babba wanda uwa da ɗa za su shiga tare. Ana rabawa a wurin awo in akwai, in babu a saya. Sabo a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura. Ɗan ƙaramin nan mai kama da lema da ake kifa wa jariri yana da amfani da rana a tsakar gida, sai dai wata nawa zai yi kafin yaro ya fi shi tsawo? Maganin sauro na hayaƙi kuwa ba na ɗakin jariri ba ne. Haka kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu: iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Na uku ma'aunin zafin jiki, irin mai nuna lamba. Mu ɗalibai da muka koyi karanta lambobi, wannan namu ne. In ya nuna 38 ko sama a jikin jaririn da bai kai wata uku ba, asibiti za a nufa, ba kemis ba. Haka in ya ƙi kama nono, ko idonsa da jikinsa suka yi ɗorawa, ko yana numfashi da sauri, ko cibiya ta yi ja tana wari.

Wurin kwanciya ba ya buƙatar gado mai labule da fitilu. Shimfiɗa mai ɗan tauri, babu filo, babu tarin barguna kusa da fuska, a kwantar da shi rigingine. Baho ɗaya nasa shi kaɗai, sabulu marar ƙamshi, man kaɗanya ko basilin. Hoda ba dole ba ce, ƙurarta tana shiga huhu.

Abin da za a wuce a bar wa mai shago

Mu koma kan bulumboti. Jariri nono zalla yake buƙata har wata 6, ko ruwa ba a ba shi, domin mafi yawan nonon ruwa ne. Dakashin farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Bulumboti yana da wuyar wankewa, madara takan maƙale a bakinsa, ƙuda ya sauka, sai gudawa. In uwa za ta fita aiki ko makaranta, ta tatsa a kofi mai murfi a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali. In lalura ta sa dole sai madarar gwangwani, ma'aikatan lafiya ne za su nuna yadda za a haɗa. Kuɗin da za a kashe a kan gwangwani, a ganina, ya fi amfani a tukunyar mai jego: wake, ƙwai, zogale, hanta in an samu. Kunun jego a rage masa kanwa, likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawan shanta da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Keken koyon tafiya ba ya koya wa yaro tafiya. Gudu yake ba shi kafin ya yi hankali, ya kai shi bakin murhu ko rijiya ko matakala kafin uwa ta juyo. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Tabarma a ƙasa ta fi shi.

Sai magungunan da ake jerawa a kan tebur, na haƙori da na kumburin ciki. A 2008 wani maganin haƙori da aka haɗa da gurɓataccen sinadari ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya, kuma Zariya na cikin wuraren da abin ya shafa. Fitowar haƙori ba cuta ba ce. In yaro yana zazzaɓi ko gudawa, a nemi dalili a asibiti, kada a ce haƙori ne a zauna. Duk maganin da za a saya a duba lambar NAFDAC da ranar da zai lalace. Abin da ya cancanci zama a gida shi ne ƙunshin gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc, don gudawa. Kwalli ma a yi hattara, wani yana ɗauke da dalma, ita kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Zuma sai ya shekara.

Takardu biyu

Katin rigakafi da takardar haihuwa. Allurar farko ana yin ta da zarar an haihu, ba sai an jira suna ko arba'in ba. Daga nan sai mako 6, mako 10, mako 14, sai wata 9, sai wata 15. Rigakafin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Takardar haihuwa kuma ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce, ana samun ma'aikatansu a asibitoci da sakatariyar ƙaramar hukuma. Za a neme ta ranar shiga makaranta. A sa su duka biyu a leda, nesa da ruwa da ɓera.

Maigida, kana iya riƙe ranakun nan a wayarka. Ragon suna kwana ɗaya ake cinsa, katin nan kuwa sai an koma da shi asibiti sau da yawa, kuma wani zuwan kai ne za ka biya kuɗin mota.

Aiki

1. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku, a kula da lanƙwasar baƙaƙen: ƙunzugu, kaɗanya, naƙuda, maɓalli.

2. An haifi jariri ranar Litinin, 3 ga wata. Wace rana ce suna? Ranar nawa ga wata mai zuwa zai cika mako 6, in watan haihuwarsa mai kwana 30 ne?

3. Kafin zama na gaba, ku je shagon unguwa ko Kasuwar Sheikh Gumi ku tambayo farashin ƙunshin famfas da yawan da ke ciki, da farashin nafkin dozin ɗaya. Za mu lissafa kuɗin wata uku na kowanne a allo, har da sabulu da ruwa.

4. Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ta zama suruka mai son a gasa cibiya, ɗaya ta zama mai jego. Yaya za ki yi mata bayani ba tare da kin ɓata mata rai ba? Maza su gwada da mahaifiyarsu a zuci.

Mai katin rigakafin ɗansa a gida ya zo da shi mako mai zuwa, da shi za mu koyi karanta kwanan wata.